Ranar da Minista ya shiga cikin dangi

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta ranar da muka saka Minista cikin birai ba. Shekarar da aka zaftare wa ma'aikata albashi har sau biyu ce, kafin a karya darajar sefa, damina ta biyu bayan rasuwar maigidana. Ku da kuke aikin yanzu kuna kukan tsada, ba ku ga lakiris ba, matsin tattalin arzikin wancan zamani.

Ni ce mai yanka wa dabbobi abinci a gidan namun daji. Sama da ni akwai shef, shugaban masu kula da keji, sama da shi Dokta, likitar dabbobi, sai darakta can a ofis. Ƙasa da ni babu kowa sai kunkuru.

Minista ɗan biri ne da aka ƙwato a hannun maharbin da ya kashe uwarsa. Ba madara, ba mai renonsa, sai Dokta ta ce, "Mama Dije, ko za ki tafi da shi gida?" Na goye shi da zane, muka shiga taksi sai unguwarmu Briketeri. Na rene shi da kunu da ayaba, na sa masa suna Minista don ci yake ba ya aiki. Telan layinmu ya ɗinka masa riga, maƙwabta na shafa masa turare. In mata sun taru kitso a tsakar gidana, kafaɗarsu yake hawa yana taya tsifa, yana duba kai sili-sili. Ya fi 'ya'yana haƙuri a wannan.

Da ya yi wayo har ya fara sace tsiren mahauta, darakta ya kira ni. Ya ce ba kejin da zai ware wa biri ɗaya, ba kuma abincinsa. In danginsa birai sun karɓe shi, to. In sun ƙi, duk mai so ya ɗauka. Mai gadin ƙofa, wanda ya daɗe bai ga albashi ba, ya leƙo ta taga ya ce, "Maman, ni ina da tukunya, barkono kawai ya rage." Na ce, "Ka fara dafa uwarka."

Ga ƙa'idar aikin, don wanda bai sani ba. Ba a jefa baƙon biri cikin garke kai tsaye, yayyaga shi za su yi. Ana ajiye shi a ɗan ɗaki kusa da su, raga a tsakani, su ga juna su shinshini juna. Sai a haɗa shi da mai sanyin hali guda ɗaya. In sun shirya, sannan a buɗe ƙofa.

Muka sa shi bayan ragar, da rigarsa da ƙamshinsa, ni ma ina ciki tare da shi. Babban namijin garken, Kwamanda, ya matso. Minista ya zuba masa ido ƙur, irin kallon da yake wa mai shayin layinmu. Ashe a wurin birai wannan zagi ne. Kwamanda ya daki ragar har ƙasa ta amsa, ɗana kuwa ya saki zawo ya maƙale a wuyana.

Dokta ta ce, "A cire rigar. Ba wanka, ba goyo. Ke ma kada ya ƙara ganinki."

"Ni da na rene shi?"

"Shi ya sa."

"Ke kin taɓa haihuwa?"

"Huɗu, Mama. Kuma duk na yaye su."

Na koma leƙensa ta bayan buhunan abinci kamar ɓarauniya. Ya yi kuka, ya rame, ya soma wari. Mai gadi kullum sai ya tambaye ni lafiyar namansa.

Ranar da nake ba ku labari, aka shigar masa da Magajiya, tsohuwar birinya mai guntun haƙori wadda ko Kwamanda ba ya taka ta. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zauna ta juya masa baya, kamar yadda mata ke zama gaban makitsiya. Minista ya daina kuka. Ya matso a hankali, ya hau kafaɗarta, ya fara tsifa. Tsohuwa ta lumshe ido har bakinta ya saki. Da Dokta ta sa aka buɗe ƙofa, Kwamanda ya taho da gudu, Magajiya ta buɗe ido ɗaya ta yi masa gurnani. Ya tsaya, ya sosa ciki, ya koma.

Bayan an kwana biyu na kawo masa ƙosai da zafinsa, na kira, "Minista!" Ya ɗago ya dube ni kamar mai neman a tuna masa, ya ci gaba da duba kan wata budurwar birinya. Dokta ta tafa hannu ta ce aiki ya yi kyau. Na ce butulci dai, irin na maza. Na miƙa wa mai gadi ƙosan.

Abin da na koya ke nan: a aikinmu, in wanda ka rena ya manta da kai, to ka iya reno. Darakta ya rasu, shef ya rasu, mai gadi ya tafi bai ɗanɗana ba. Saura ni da Dokta, da wani dattijon biri mai furfura da har yau bai gaishe ni ba.