Ɗage a Ƙarƙashin Jallabiya

Bari in faɗi abin da na yi da bakina, kafin wani ya riga ni ya ƙara masa gishiri, don ƙarin gishiri a gidanmu aikina ne. Ranar da Baba ya kai ni zaɓen keke, ɗage na yi. Na tsaya a kan yatsun ƙafata a ƙarƙashin jallabiya, na ara wa kaina tsawon da Allah bai ba ni ba tukuna, don kawai a ce wani jan firam ya yi mini daidai. Firam shi ne ƙashin keke, ƙarfen nan da ake ɗaura wa tayoyi da sirdi da sauran tarkace.

An daɗe ana jan maganar keken nan a gidanmu. Na roƙi Baba har ta kai ko sannu da zuwa na yi masa sai ya ce mini ba yanzu ba. Ma'aikacin gwamnati ne, ofishinsu na can Doka, kuma ya saba duk abin da aka kawo gabansa sai ya kwana a kan tebur. Ran da ya amince, da sharaɗi ya amince. Keke ɗaya zai saya. Ranakun makaranta ya kai ni a kan kwalta daga Hayin Banki. Ranar Asabar kuma ya kai ni wurin Kaka, mahaifiyar Baba, can cikin gonakin Rafin Guza, in ɗauko mana ganyen miya da duk abin da ta tanada. Hanyar can kuwa ko a mafarki ba ta taɓa ganin kwalta ba. Idan keken ya gaza a ɗayan biyun, za a mayar da shi inda aka sayo shi, in ci gaba da hawan ƙafafuna har in gama sakandare.

Na ce na yarda. A ranar ko cewa ya yi sai keken ya haye kogin Kaduna da iyo, yarda zan yi.

Bayan an sauko daga Juma'a muka wuce wani shago kusa da Babbar Kasuwa. Mai shagon wani Bakatsine ne mai sayar da kekunan gwanjo, amma ba ya sayar da su a haɗe. Firam-firam ne ya rataye a sama kamar naman mahauta, tayoyi a jibge gefe guda, sarƙoƙi cikin bokiti. Kai za ka nuna ƙashin da kake so, shi kuma ya sa masa tsoka. Ban taɓa ganin mutum mai yabon kayansa irinsa ba. Ya sauko da wani ƙato mai sifirin a tsakiya, ya ce wannan ko Dutsen Kufena aka nuna masa zai tambaya ina sauran. Na ɗaga shi, na ji kamar injin markaɗe na ɗauka. Ya sauko da wani kore mara kyan gani, ya ce wannan shi ne mai haƙurin jaki. Ban ma dube shi sau biyu ba. Sannan ya sauko da jan, siriri, mai sheƙi, irin na 'yan tsere. Ya ce wannan iska ce aka yi wa fenti.

Baba ya yi hawan keke a ƙuruciyarsa, sai ya shiga yi mini bayani. Ya ce in dubi faɗin wurin da taya ke shiga, ko zai karɓi taya mai kauri. In dubi ko akwai hujin ɗaura kariyar ɗaukar kaya a baya. In tambaya ko baƙin ƙarfe ne, wanda kowane mai walda a bakin titi zai iya liƙewa in ya tsage. Duk na ji, yadda ake jin ruwan sama a kan kwano. Idona na kan jan.

Da ya ga haka sai ya ce to in haye shi in tsaya, a ga ko akwai faɗin hannu tsakanina da sandar sama. Ina hayewa na san babu. Ba faɗin hannu ba, ko na gashi babu. Nan ne jallabiyar Juma'a ta yi mini rana, don har ƙasa take ja. Na miƙe a kan yatsu, na daidaita fuska kamar mai jiran a ɗauke shi hoto.

"Ƙafarka ta kai ƙasa?" in ji Baba.

"Ta kai, Baba."

Ya dube ni ya daɗe, ya ce to. Kafin mu tafi ya sa mai shagon ya yarda cewa in firam ɗin bai yi ba za a iya dawo da shi, muddin bai lotsa ba, bai lanƙwashe ba. Bakatsinen ya ce ai Yallaɓai wannan ko kyauta aka ce yaro ya mayar ba zai mayar ba.

A kan kwalta kam ba a magana. Feda ɗaya na taka daga ƙofar gida na ga kamar zan wuce makarantarmu in tsinci kaina a Abuja. 'Yan ajinmu suka kewaye shi suna shafawa, wanda ban taɓa magana da shi ba ma ya tuna cewa kakanninmu maƙwabta ne. Matsalar guda ce kawai, tsayawa. An sauke sirdi har ƙarshe, amma ƙafafuna lilo suke yi a sama. In na zamo gaba kuma sandar nan tana jirana, kuma wanda ta taɓa gaisawa da shi sau ɗaya ba ya son ta biyu.

Saboda haka na haddace duk wani kwalbati da dakali da bulon da aka yar tsakanin gida da makaranta. Su ne tashoshina. In danja ta tsayar da mu a inda babu ko ɗaya, sai in kama duk abin da hannuna ya samu. Na kama falwaya, na kama bayan bas. Wata rana kafaɗar wani mai sayar da rake na dafa. Ya juyo yana kallona, sai na gaishe shi kamar mun daɗe da sanin juna. Na tambaye shi iyali, na tambayi kasuwa, na tambayi mutanen gida da ruwan bana. Bawan Allah ya yi ta amsawa, har ya ce in gaishe da mahaifina. Danja na saki na sake shi.

Asabar ta zo, kuma da asubahinta aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ina sauka daga kwalta keken ya canza hali. Siraran tayoyin nan suka fara nitsewa a yashi, suna zamewa a tsakuwa. Duk dutsen da na taka sai na ji shi a haƙorina. Na daure har na shiga burtalin da ya ratsa gonaki, inda jar laka take. Tsakanin tayar da ƙarfen firam ɗin kuwa ko reza da ƙyar za ta wuce. Laka ta cushe wurin, ta ƙara cushewa, taya ta yi nauyi, sannan ta tsaya cak.

Babu kwalbati, babu dakali, babu mai rake.

Ban taɓa sanin mutum na iya faɗuwa a hankali haka ba. Na sami lokacin yin addu'a, na sami lokacin zaɓen gefen da zan faɗi, na kuma tuna maganar lotsawa. In firam ɗin ya bugi dutse, ba keke, ba canji, kuma ban san da idon da zan kalli Baba ba. Sai na rungume shi, na juya, na zama katifarsa. Ni na sauka a ƙasa, cikin gonar kuɓewa, shi kuma ya kwanta a kaina lafiya lau. Wanda bai taɓa birgima cikin ganyen kuɓewa ba bai san ƙaiƙayi ba.

Na saɓa keken a kafaɗa na ƙarasa da ƙafa. Kaka na zaune a ƙofar gida tana tsinkar yakuwa. Ta ɗago ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ja-jawur da laka, ina susa.

"Maigida, an ce an saya maka abin hawa. Ashe kai aka saya masa."

"Tsohuwa, ba ki san kayan zamani ba. Hutar da shi nake yi."

"To sauke shi a inuwa, kar ya gaji. Kai ka tsaya a rana."

Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki. Ta ba ni ruwa na wanke jiki, ta shafa mini man kaɗanya, ta cika ni da ɗumamen tuwo. Da aka zo ɗaura kaya ta zagaya keken tana neman inda za ta ɗora buhu. Babu kariya, babu ma inda za a ɗaura ta. Ta ce ita dai ba za a bar mata kabewarta ta ruɓe ba. Ta shiga ɗaki ta fito da zani, ta ce in duƙa. Ta ɗora mini buhun ganye da ƙatuwar kabewa a baya, ta ɗaure tamau a ƙirji, har da jijjigawa wai kar jaririn ya tashi.

Haka na fito, goyo a baya, keke a kafaɗa. Da na iso kwalta na ƙwaƙule lakar da tsinke, na sami wani kututture na hau. Yaran layinmu suka raka ni da tafi har ƙofar gida, wata maƙwabciyarmu ta leƙo tana tambaya yaushe ne suna.

Baba na zaune a kan tabarma. Bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ya tambaye ni a kan keke na isa wurin Kaka ko a ƙafa. Na so in ce rabi da rabi, amma na ce a ƙafa. Ya ce to na san sharaɗi. Na fara hango kaina ina tafiya makaranta a ƙasa, duk waɗanda suka shafa keken suna yi mini jaje. Ya jawo keken ya bi ƙarfen da yatsa tun daga gaba har baya, bai sami lotsawa ba.

"Tun a shago na ga abin da ka yi," ya ce. "Mutum ba ya ƙara tsawo tsakanin masallaci da kasuwa."

Sannan ya ce da don ta shi ne, da magana ta ƙare. Amma Kaka ta riga ni isowa ta waya. Ta ce rabonta da dariya irin ta yau tun ana ɗaure wa Baba wando, don haka a ƙara wa mijinta Asabar ɗaya. Ita kuwa maganarta ba ta kwana a kan tebur.

Komawar da muka yi, da gajeren wandon wasanni na je, na kuma cire takalmi a ƙofar shago. Koren nan an riga an sayar da shi. Na sa Bakatsinen ya yi ta sauke firam har gumi ya jiƙa shi. Kowanne sai na haye shi na dasa dugadugaina a ƙasa. Na zura babban yatsa a wurin shigar taya, na lalubi hujin kariya, na manna masa maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar rediyon Baba don in tabbatar baƙin ƙarfe ne. A ƙarshe na tsaya a kan wani mai ruwan toka, fentinsa duk ya koɗe, bai kai injin markaɗe nauyi ba, bai kuma yi sirantar jan ba. Mai shagon ya rantse bai taɓa sayar da mai kyansa ba. Ya sa masa tayoyi matsakaita masu ƙananan haƙora, ya ɗaura kariya.

Asabar da ta biyo baya ma an yi ruwa. Na ratsa burtalin a kan sirdi, laka na fita ta bayan taya, na sauke ƙafa a ƙofar Kaka ba tare da na dafa kowa ba. Na dawo da buhu a kan kariya, Baba bai sake tayar da maganar mayarwa ba. A kan kwalta masu siraran kekuna suna ɗan wuce ni. Shi nake hawa har yau.