Ranar da Yaya Ya Girgiza Kwamfuta

Kwamfuta guda muke da ita a gidanmu na Illela, ni da yayana, kuma zamanmu a cikinta bai fi zamanmu a ɗaki ɗaya daɗi ba. Shi ɗan kasuwar hatsi ne, yana kai gero Konni, ya cika ta da wa'azi da bidiyon kokawa. Ni kuwa aikin kammala karatuna ke ciki, ba ni da kwafinsa ko'ina. Ranar da ya goge mini babi guda wai yana neman wuri, na rantse sai an raba ta biyu, kowa da ɓangarensa.

Sai faifan ajiyarta ya ƙi rabuwa. Kayan ciki a warwatse suke, dole a tattara su gefe guda kafin a ja iyaka. Na kunna manhajar tattarawa da hantsi, wasu ƙananan akwatuna masu launi suka fara rarrafe a allon.

"Wanga abu mi shika yi?" in ji Yaya.

"Tattara kaya yake yi, don wuri ya samu."

"Kamar buhu?"

"Kamar buhu, Yaya," na ce, don dai in huta.

Har la'asar aikin bai kai rabi ba. Na fita sayo man janareta.

Da na dawo, na tarar da Yaya ya riƙe kwamfutar da hannu biyu, yana ɗagawa yana dirawa a kan tabarma, yadda yake wa buhun gero in yana son ya ci ƙarin mudu. Har da zufa. Taimakona yake yi tsakaninsa da Allah. Can cikinta wani ƙas-ƙas ke tashi.

"Ka jiya? Sun hwara zamnawa," ya ce.

Mai gyara a Sakkwato ya kara ta a kunne, ya ce faifan ya mutu da duk abin da ke cikinsa. Da gemuna na zauna bakin shagon na yi kuka. Yaya ya sa aka ɗauko sabon faifai. Da mai gyaran ya tambaya ko a raba shi biyu, sai Yaya ya sunkuyar da kai.

"Bar mashi duka."

Haka na komo gida da abin da na yi ta faɗa a kai, har da ƙari: wuri fetal, nawa ni kaɗai, babu ko harafi ɗaya a ciki.