Wasiƙu Uku a Ƙofar Masaƙa

Malam Falalu ya shekara goma sha ɗaya yana tsaye kan injin saƙa a wata masaƙa da ke Challawa, har kunnensa na hagu ya daina jin kiran salla. Da gumin wannan tsayuwa ya sayi fili a Panshekara. A 1979 ya kai takardar filin banki jingina, aka ba shi rancen da ya tayar da ɗaki uku, ya rufa kwano. Duk wata a cire rabon banki a albashinsa tun bai zo hannu ba.

Da aka tambaye shi adireshi, sai ya ba da na masaƙa, kamar kowane lebura. Lungunsu ba suna, ba lamba, wa zai kai wasiƙa can?

A gidan nan matarsa Hajjo ta haihu sau huɗu, biyu suka tsaya, biyu suka koma. Mabiyiyar kowannensu a gindin lemun tsamin tsakar gida aka binne ta.

A 1984 kayan gyaran inji suka yanke, aka sallame su, su ɗari biyu rana ɗaya. Falalu ya koma dakon fatu a Sharaɗa. Albashi ya tsaya, rabon banki ma ya tsaya.

"Malam, ku leƙa bankin nan mana," in ji Hajjo.

"Hajjo ke nan. Mai bin ka ai ƙafarsa ke kawo shi. In sun zo a shimfiɗa musu tabarma, in kira liman ya sa baki, su ɗaga mini zuwa kaka."

Banki kuwa ba ya sallama. Wasiƙa ya aika, ya sake, ta uku ta ba shi wa'adin wata uku. Duk suka sauka a ɗakin maigadin masaƙa, cikin kwalin da ba mai buɗewa. Aka buga sanarwa a jaridar da Falalu ba ya karantawa. Mai gwanjo ya kaɗa ƙararrawarsa a harabar banki, wani falken fata, Alhaji Gwadabe, ya taya gidan, aka sallama.

Wata Laraba da hantsi Alhaji Gwadabe ya zo da takardu. Falalu ya shimfiɗa tabarmar nan da ya daɗe yana tanadi.

"Daga banki kuke? Sannunku da zuwa, dama ina ta zuba ido."

Alhaji Gwadabe ya sunkuyar da kai. "Malam, ni saye na yi. Wallahi ce mini aka yi mai gidan ya sani."

Washegari Falalu ya taka har Challawa. Maigadi ya zazzage kwali, ya miƙo masa ambulan uku, gara ta ci gefen ɗaya. Ya kai su banki. Akawu ya ce alƙalami ya bushe, sai dai ya sa hannu ya karɓi ɗan abin da ya saura bayan an cire bashi da ladan mai gwanjo.

Alhaji Gwadabe ya ba su wata biyu. Ranar tashi, kurar ɗan dako ta ɗauki gado da tukwane zuwa ɗakin haya a Zawaciki. Hajjo ta tsaya gaban lemun, ta kasa ɗaga ƙafa.

"Alhaji, alfarma ɗaya," in ji Falalu. "In za ku yi siminti, ku tsallake gindin bishiyar nan."

"Akwai ajiya ne?"

"Akwai. Ba mai ɗaukuwa ba ce."

Ya miƙa makulli, ya naɗe tabarmarsa, suka bi bayan kura.