Bakin Gilashin Baba Tsaf

In ka shiga shagon tabarau, abin da za ka gani bai wuce madubai ba, da firam-firam jere a bango, da likitar ido cikin farar rigarta. Ba wanda ke tambayar ƙarar nan da ke fitowa daga bayan labule kamar ana markaɗe. To, can ciki Baba Tsaf yake, kuma can ya yi furfura.

Ɗakin ɗan tsukuku ne, in mutum biyu sun zauna na uku sai ya tsaya a bakin ƙofa. Teburi biyu ne, da injin yanka mai tsiyayar da farin ruwa a bokiti, da dutsen goge baki, sai ƙananan farantai, kowanne da takardar likita da firam ɗin mai shi. Gilashi yana zuwa ne a zagaye kamar murfin gwangwani. Baba zai sa shi a na'urar awo ta ɗiga masa tawada uku da ke nuna tsakiya, ya rubuta dama ko hagu, ya yanke shi daidai firam, ya kashe kaifin bakin a kan dutse, ya danna shi ciki. In ya gama sai ya ɗaga shi wajen fitila ya ce, "Tsaf." Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma da shi take kiransa in ya ɓata mata rai.

Mutum ne mai bin ƙwaƙƙwafi, amma na tabarau kawai. In kuna magana ba idonka yake kallo ba, abin da ke gaban idon yake kallo. A cikin mota ya sha karkata kai yana leƙen gefen gilashin maƙwabcinsa, har ya kasa haƙuri ya ce, "Bawan Allah, wa ya yanka maka wannan? Wallahi ya cuce ka." Wasu su yi dariya, wasu su ja tsaki su matsa. Shi kuwa bai taɓa sa tabarau ba, kuma yana ji da hakan ba kaɗan ba.

Dangi suna ganin farashin da ke manne a jikin firam, sai su ɗauka Baba wanka yake da kuɗi. Ina! Ba shi da albashi tsayayye. Kowane tabarau da ladansa, in ka gama da yawa ka ci, in hannunka ya yi nawa ka yi hamma. Gilashin da ka fasa ko ka ɓata kuwa, a kuɗinka za a cire. Da wannan ladan ya aurar da 'ya'ya, da shi yake biya wa autarsa makarantar koyon jinya, kuma ba shi da wata sana'a ko ta sayar da allura.

Sai ɗigon nan uku suka fara yi masa wasa. Yau su haɗe, gobe su rabu su zama shida. Ya zagi ƙwan fitila, aka canza. Ya zagi tawada, aka sayo wata. Ya koma miƙa gilashi can nesa iya tsawon hannunsa yana ƙanƙance ido. Ya san ciwon sarai, ai shi ke yanka wa sa'o'insa maganinsa kullum. Tsoro ne ya hana shi magana. Mai shago ya daɗe yana zancen wani sabon inji da ke yin komai da kansa, kuma Baba ya ga yadda aka sallami wanda ya riga shi zama a kujerar nan lokacin da hannun mutumin ya fara rawa. In ya ce idonsa ya yi rauni, yana ganin kujerar ta tafi ke nan.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne aiki bai dawo ba. Wata ya bi wata, ba wanda ya kawo ƙara. Ya yi ta juya abin a ransa, daga ƙarshe ya yanke cewa hannun gwani shi ma yana gani. Har ya faɗa wa Maman 'Yan Biyu, abokiyar aikinsa da ke teburin gefe, mace marar yawan magana da ke riƙe da gidanta ita kaɗai. Ta ce, "Haka ne, Baba," ta ci gaba da aikinta.

Ranar da asiri ya tonu, wani direban babbar mota ne ya shigo yana dafa bango. Ya ce tun da ya sa sabon tabarau ƙasa ke tasowa tana gaishe shi, jiya saura kaɗan ya hau kan mai keke. Likita ta auna, ta sake aunawa. Gilashin dama yana hagu, na hagu yana dama. Ko ɗan koyo ba ya wannan kuskuren.

Mai shago ya ɗaga labule, abin da ba ya yi sai da dalili. Likita na bayansa, ta miƙa wa Baba takardar direban ta ce, "Baba, don Allah karanta mini layin farko."

Ya kai takardar nesa, ya dawo da ita kusa. Gumi ya keto masa. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Mai shago ya ce, "Je ka zauna a duba ka. In abin gilashi ne, kujerarka tana nan, don ban taɓa samun matsala da aikinka ba sai yau. In ya wuce haka, sai mu yi wata magana."

Kai, ɗan Adam! Mutum yana tsakiyar fargaba, amma da aka ɗora masa wannan ƙarfen mai ramuka biyu a hanci, son sani ya taso masa. Shekara da shekaru takardu na zuwa masa da lambobi, bai taɓa ganin inda ake haifarsu ba. Likita na zura gilashi tana cewa, "Wannan ya fi, ko wannan?" shi kuma yana tambayarta me ya sa ta fara da wancan. Sai da ta ce, "Baba, ni ke tambaya yau," sannan ya natsu. Ta gama ta ce ba wata cuta, shekaru ne kawai, tabarau na karatu zai wadatar. Baba ya sauke ajiyar zuciya har kujerar ta yi ƙara.

Da kansa ya yanka abinsa, amma Maman 'Yan Biyu ce ta sa masa ɗigon. Kuɗin gilashin da na direban duk za a cire a ladansa, wannan ba sai an faɗa ba. Ya maƙala tabarau ya dubi tafin hannunsa, ya ga ƙananan yanka birjik da bai san da su ba. Ya dubi teburi, ashe ƙura ce haka. Daɗi ya kama shi, ya jawo farantan aikin da ya gama a makon don ya more kallon gwanintarsa.

Nan dariyar ta tsaya. Kowane mai wannan aiki da yadda yake kashe bakin gilashi, kuma 'yan sana'a suna gane hannun juna. Baba sau ɗaya yake bi, siriri. Maman 'Yan Biyu sau biyu take bi, bakin ya fito da ɗan faɗi, sumul. Ya ɗaga na farko, bi biyu. Ya ɗaga na biyu, haka. Ya bi farantan nan kaf, duk da sunansa a jiki, babu hannunsa ko a ɗaya.

Ya juyo a hankali. "'Yata, tun yaushe?"

Ba ta ɗago ba. "Tun bara. In ka fita cin abinci nake bi."

"Na direban fa?"

"Ranar na kai yaran asibiti."

Ya ajiye gilashin da ke hannunsa. "Waɗanda suka ƙi gyaruwa fa?"

"Na ce wa mai shago ni na fasa."

Sai lissafin ya zo masa gaba ɗaya. Lokacin da take gyara nasa, nata aikin ne ke jira. Abin da ya ɓata, a bakin 'ya'yanta aka cire. Shi kuma ƙarshen wata yana karɓar nasa cif, har yana yi mata nasiha a kan ta rage nauyin hannu. Baƙin ciki ya tokare masa ƙirji, ya miƙe zai ɗaga labule ya je wajen mai shago.

Ta ce, "Baba, zauna. In ka faɗa masa, kujerar ta tafi, wahalata ta tashi a banza. Lokacin da na zo nan da goyo biyu ba wanda ya yarda a ɗauke ni, kai ka ce a ba ni teburi za ka koya mini. Ban manta ba."

Ya daɗe tsaye da labule a hannu. Sannan ya saki, ya koma ya zauna, ya jawo faranti na gaba. Ya auna, ɗigo uku suka fito rangaɗau. Ya yanka, ya tura farantin gefen teburinta.

"Wannan a naki za a rubuta. Da na bayansa."

"Baba, za a gane. Hannunka daban ne."

Baba ya ɗauko gilashin daga farantin. Ya kunna dutse, ya bi bakin gilashin sau ɗaya yadda ya saba, sannan ya gyara zaman tabarau a hancinsa ya sake bi na biyu.