Hanyar Bungudu a Kan Tebur

Ni kafinta ne a Gusau tun zamanin Turawa. Wani Bature mai awon hanya ya ɗauke ni aiki. A ɗakinsa akwai babban tebur da ya shirya garin a kai, da layin dogo da ɗan jirgin ƙasa da ake yi wa wani kamar agogo. Ni na sassaƙa masa gidajen, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Namu na fi ɓata wa lokaci, har durumin ƙofar gida na kafa masa da tsinke.

Mu duk wasan yara muka ɗauke shi. Mahaifiyata ta ce, "Ƙato da gemu yana tura jirgin gwangwani? Allah ya ba shi lafiya."

Wata safiya ya miƙo mini guntun katakon da ke matsayin hanyar Bungudu. Tafinta ya ce in ƙara faɗinsa, in miƙe kwanar. Na yanka sabo, na zo ɗorawa, ya ƙi zama, gidaje sun tare shi. Baturen ya sa yatsa ya ture su. Na tsinci namu na jefa aljihu.

Bayan damina leburori suka zo da diga. Inna ta tsaya bayan ɗakinta, inda ta binne cibiyoyinmu, ta ƙi motsawa, sai ɗaukar ta muka yi. A Tsafe ta rasu, wurin ƙanwata.

Hanyar kam ta miƙe, daidai yadda na yanka ta. Ɗan gidan da na sassaƙa yana nan wajena.