Tumbin Dogara Kuku

Duk wanda ya zauna a Diyobu, cikin 'yan Arewan Fatakwal, a shekarun da kuɗin fetur suka fara hauka, ya san Dogara Kuku. Ko bai san sunansa ba ya san shi: wani dogon dattijo da ke zama bayan tukubar Awwalu mai tsire, yana yanka albasa siriri-siriri kamar wadda za a zura a allura. Masu sayen nama sukan ɗauka wani ɗan'uwan Awwalu ne da duniya ta juya wa baya. Ba ɗan'uwansa ba ne. Kuku ne na gaske, ya shekara ashirin da wani abu yana ciyar da Turawa. Abin da ya sauko da shi kan wannan benci kuwa ba sata ba ce, ba giya ba. Kabeji ne.

Mutumin wani ƙauye ne kusa da Kafanchan. Jirgin ƙasa ya kai shi Inugu yana saurayi, ya fara da wanke tukwane a gidan wani Baturen reluwe har hannunsa ya faɗa da girki. A wannan sana'a baki ba ya samo wa mutum aiki, sai takarda. Duk Baturen da zai koma ƙasarsu yakan rubuta wa kukunsa takardar shaida, ita kuku zai miƙa a ƙofar gida na gaba. Dogara ya tara guda shida a gwangwanin biskit, ya tura ƙarƙashin gado. Bai iya karanta Turanci ba, amma kowace takarda ya san wanda ya rubuta ta, ya san irin miyar da mutumin yake so.

Da rikici ya ɓarke a sittin da shida, shi da matarsa Hannatu suka shiga jirgi da kayan jikinsu kawai. Sai da suka haye gadar Makurɗi ya tuna da gwangwanin. Haka suka isa Kafanchan ba takarda ko ɗaya. Bayan yaƙi ya koma Inugu, ya tarar da ɗakinsu ba rufi, gwanda ta tsiro daidai inda gadon yake, har ta yi 'ya'ya. Ya tsaya ya kalle ta, ya juya. Aka ce masa Turawa yanzu suna Fatakwal wajen haƙar mai, sai ya sa Hannatu gaba suka gangara.

Wata biyar yana bin ƙofofin unguwar Turawa a cikin ruwan Fatakwal da ba ya gajiya. Ko'ina tambaya ɗaya ce: ina takardarka? Daga ƙarshe wani injiniyan kamfanin mai, wanda kukunsa ya gudu ana gobe liyafa, ya ɗauke shi gwaji. Gwajin ya kai shekara huɗu. Dogara ya gasa burodi, ya gasa kaza, ya yi farfesun kifi wanda yake sa Baturen nan zufa da hawaye yana miƙo kwano a ƙara. Ya sayi sabon gwangwanin biskit, ya raba wa maƙwabta biskit ɗin, ya ajiye gwangwanin ba komai a ciki, yana jiran ranar takarda.

Sai uwargidan Baturen, wadda kowa ke ce wa Madam, ta tafi hutu ƙasarsu. Ta dawo a rame kamar sandar raƙe da aka tsotse, idonta na ƙyalli, da wani littafi a hammata. Rannan ta shigo kicin ta kashe gas da hannunta. Ta ce ta gano cewa wuta ce ke kashe abinci, abinci kuma ya kashe mutum. Daga yau ba nama, ba kifi, ba madara, ba ƙwai, ba duk abin da ya ga wuta. Maigidan bai yi gardama ba. Ya dai koma cin abinci a kulob, ya bar Dogara da wuƙa da katakon yanka.

A makon ne aka sanar da su cewa aikin injiniyan zai ƙare nan da wata uku. A makon ne kuma Dogara ya yi kuskuren da ya fi kowanne a rayuwarsa: ya gaya wa Madam kansa na ciwo, likitan kamfani ya ce jininsa ya ɗan hau.

Madam ta tafa hannu kamar wadda aka yi wa albishir. Matan Turawan unguwar suna yi mata dariya, ga shi Allah ya kawo mata wanda za ta nuna musu.

"Dogara, kwana casa'in. Abin da nake ci shi za ka ci, nan da gida. Za ka ga ka rame ka yi sakayau, ciwon kai ya tafi. In ka yi mini wannan, zan rubuta maka takardar da ba a taɓa rubuta wa wani kuku irinta ba. Ka yi alkawari?"

Dogara ya tuna gwandar Inugu. Ya ce, "Na yi alkawari, Madam."

Ta jawo sikelin banɗaki ta ce ya hau. Ta rubuta nauyinsa a bayan littafin, ta ce kowace Litinin za a sake.

Da ya koma gida da yamma, Hannatu ta kawo tuwon dawa da miyar kuka har da man shanu a sama. Ya ture kwanon a hankali, ya zaro karas daga aljihu.

"Maigida, lafiya? Zomo aka ba ka riƙo?"

Ya yi mata bayani. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "To ita Madam ɗin za ta biyo ka Diyobu ne ta leƙa bakinka? Ci abinka, gobe ka je ka tauna mata ganye."

"Na ce na yi alkawari."

"Ni ma ai alkawari ka yi mini a gaban fasto. Ban ji inda aka ce zan yi tuwo in ci ni kaɗai ba."

Ta rufe kwanon ta ajiye masa. Haka ta yi ta yi kullum: ta tuƙa, ta zuba nasa, ta rufe, da safe ta ɗumama ta miƙa wa maƙwabta.

Abin da littafin Madam bai sani ba shi ne yunwar mutumin da ya tashi da tuwo. Madam takan ci ganyen latas uku da rabin gwanda ta ce ta ƙoshi. Dogara kuwa in ya ci kabeji da kokwamba da jiƙaƙƙen wake mai tsiro, kafin ya wanke wuƙa cikinsa ya fara kiran sunansa. Sai ya je ya tambaya, don shi ba ya son ha'inci.

"Madam, ɗanyar gyaɗa fa?"

Ta duba littafi, ta ce ta halatta. Kwakwa? Ta halatta. Fiya, ayaba, dabino, aya? Duk sun halatta. Ba ta ce nawa ba, shi ma bai tambaya ba. Ya riƙa sayen ɗanyar gyaɗa mudu-mudu, aljihun farin wandonsa kullum a cike. Yakan fasa kwakwa guda ya cinye a tsaye, ya bi da fiya huɗu, ya toshe sauran ramin da ayaba. Tun safe har yamma bakinsa na motsi kamar na akuya, kuma bai taɓa jin ya ƙoshi ba. Garin kwaki ma da ake jiƙawa da ruwan sanyi ya ƙi sha, ya ce ai an soya shi kafin ya zo kasuwa.

Mako biyu cikinsa ya ɗaure tamau kamar ganga. In ya zauna sai ka ji ana ta ƙugi a ciki, kamar ana jan kujeru a ɗakin sama. A coci ya bar layin gaba inda ya saba zama ya koma kusa da taga, saboda dalilin da duk na kusa da shi suka riga suka sani. Maɓallin farar rigarsa na ƙasa ya fita, na biye da shi ya bi. Ga kumburi, ga ƙiba ta gaske tana taruwa a ƙugu da wuya.

Mutanen unguwa kuwa murna suka taya shi. A shekarar nan duk wanda ya yi tumbi an san ya taɓa fetur.

"Kuku, ka ji daɗinka!" in ji Awwalu daga bayan hayaƙi. "Wannan tumbi ai na manaja ne. Wata nawa, mu fara shirin suna?"

"Awwalu, rabu da ni. Iska ce."

"Iska? To Allah ya hore mana irin wannan iska. Zo ka karɓi tsinke ɗaya, kyauta, don maijego."

Dogara bai taɓa karɓa ba. Amma kullum in ya taso daga aiki, wajen la'asar sakaliya, yakan zauna a bencin Awwalu, ta ɓangaren da iska ke kai hayaƙi. Ya lumshe ido, yana tauna ɗanyar gyaɗa, yana shaƙar ƙamshin kitse da ƙuli-ƙuli. Iyakar jin daɗinsa a duniya ke nan a wannan lokaci. Wani sa'in ya buɗe ido ya ce, "Citta ta yi wa yajin nan yawa." Awwalu ya ɗanɗana, ya ga haka ne.

Kowace Litinin allurar sikeli sai ta ƙara gaba. Laba biyu, laba uku. Da fari Madam ta ce guba ce ke fita daga jikinsa. Daga baya ta ce sikelin ya lalace, ta aro na maƙwabta, shi ma ya faɗi abin da ɗan'uwansa ya faɗa. Daga nan ta daina magana, sai kallo.

Litinin ta goma sha ɗaya, ya hau, allura ta nuna ya ƙara laba goma sha tara tun farawa. Madam ta sunkuyo don ta duba da kyau, sai ta tsaya. Ta kama hannun rigarsa ta kai hanci.

"Nama," ta ce.

"Hayaƙi ne, Madam. Wajen abokina nake zama."

"Kana zama wajen mai gasa nama, kana ƙiba kamar alade, kuma ka ce mini ganye kake ci?"

"Madam, na rantse da Littafi Mai Tsarki, kwana saba'in da bakwai ko ruwan zafi bai shiga bakina ba."

"Littafina ba ya ƙarya, Dogara. Sikeli ba ya ƙarya. Saura wa?"

Ya buɗe baki, Turancin kicin ɗin da ya iya bai kai nan ba. Ya zaro gyaɗa daga aljihu ya nuna mata a tafin hannu. Ba ta ko kalla ba. Ta shiga ɗaki, ya ji ƙarar tafireta na ɗan lokaci, ta fito ta miƙa masa takarda a ambulan, ta ce ba sai ya dawo gobe ba. Ya karɓa da hannu biyu, har da rusunawa. A ransa ya ce ko ba komai an samu.

Hannatu ta ce to yanzu sai a ci tuwo. Ya ce saura kwana goma sha uku.

"Wa kake yi wa? Matar da ta kore ka?"

"Casa'in na ce."

Ta zauna a bakin gado ta yi kuka, irin wanda ba ta yi ba ko a jirgin gudun hijira. Shi kuwa ya cika kwana goma sha ukunsa da kabeji da kwakwa, ba mai auna shi.

Ya wanke farar riga, Hannatu ta ƙara mata ƙyalle a gefe, ya shiga unguwar Turawa da ambulan. A gida na farko uwargida ta karanta, ta dubi tumbinsa, ta mayar masa. A gida na biyu maigidan har murmushi ya yi kafin ya rufe ƙofa. A na uku aka sa maigadi ya raka shi har titi. Ranar Lahadi bayan sujada ya ja Lucas gefe, wani akawu a tashar jiragen ruwa, ya ce ya karanta masa.

Lucas ya karanta a zuci, ya ninke. "Baba, Turancin nan mai wuya ne."

"Kai da kake rubuta wa jirgin ruwa takarda? Karanta."

Lucas ya karanta yana kallon ƙasa. Layi uku ne. Dogara Gimba ya yi aiki a gidanmu shekara huɗu. Yana da tsabta, ya iya yanka kayan lambu. A kan abin da ya shafi abinci, kada a gaskata maganarsa.

"Ba ta sa burodi ba?"

"Babu, Baba."

"Farfesun kifi fa?"

Lucas ya girgiza kai. Dogara ya karɓi takardarsa. Jirgin su Madam ya riga ya tashi tun ranar Alhamis. Kukun da aka ce kada a gaskata shi a kan abinci, kowane gida ɓarawo za su karanta.

Ya koma cin tuwon Hannatu. Cikin kwana huɗu ƙugin ya tsaya, cikin wata biyu tumbin ya saɓe, wando ya koma yana zamewa. Mutanen unguwa suka ce Allah sarki, aiki ya tafi, ƙiba ta bi shi. Bai ƙara taka unguwar Turawa ba. Awwalu ne ya ce masa wata rana, ba tare da ya dube shi ba, "Kuku, albasar nan tana cinye mini lokaci. Ko za ka taimaka?" Ya miƙa masa wuƙa. A kan bencin nan ya ƙare sauran ƙarfinsa, yana yanka albasa da tumatir da kabeji ana barbaɗa wa ma'aikatan mai a kan tsire. Kabejin kuwa ko ɗanɗanawa ba ya yi.

Wata yamma takardar naɗe nama ta ƙare, ga layi. Awwalu ya ce, "Kuku, aika gida a kawo mana takardar Madam mana, ta yi amfani ko sau ɗaya."

Masu jira suka yi dariya. Dogara bai ɗago daga katakonsa ba.

"Bar ta a gwangwaninta," ya ce. "Ita kaɗai ce ta rage da sunana a jiki."