Ƙaramar Kamara a Hannun Ƙato

Ka taɓa ganin ƙato riƙe da kamarar da ba ta cika tafin hannunsa ba? Ga shi nan tsaye a tashar Tamaske, da yatsu irin na manomin albasa. Kamarar sabuwar yayi ce, marar madubi a ciki, baƙa da ruwan azurfa. Na ƙirga maɓallanta, tara ne a cunkushe, yatsansa guda na danne biyu. Ina jin shi ya sa baduku ya ɗinka mata mariƙi, ya manna ɗan tudun fata bisa maɓallin ɗauka.

Wata tsohuwa ce gabansa, dogare da sanda. Tana son ɗanta da ke Abijan ya ga ta warke, ta miƙe.

Ya ce, "Gwaggo, aje sandar."

"Wagga 'yar aba za ta ɗauke ni duka?"

"Har da kallabi!"

Ta saki sandar tana dariya. Daƙiƙa uku ta yi bisa ƙafafunta, shi ko bai duba maɓalli ba, ya danna sau huɗu.

Ta leƙa hoton. "Tura mishi, hankalinshi ya kwanta."

Kafin ka sayi kamara don kyanta, rufe ido ka ɗauki hoto da ita. Gwada ka gani.